Martani: Labarin Aljanu da na Yaƙi Ba Baƙi Ba Ne a Gasar Hausa

Na karanta maƙalar da wani malamin adabi, wanda nake ganin girmansa, ya rubuta kwanan baya yana ba matasa shawara a kan shiga gasar gajerun labarai. Abin da Malam ya ce a taƙaice shi ne, duk matashin da ke son labarinsa ya kai labari a gaban alƙalai, to ya ajiye zancen aljanu da na yaƙi da na ɓarayi da masu bin sawunsu da na tafiya sararin samaniya. Ya ɗauki ɗaya daga cikin matsalolin da suka addabi al'umma, auren dole ko shaye-shaye ko almajiranci ko mutuwar aure, ya gina labari a kai, ya rufe da darasi. A ganin Malam waɗancan labarai kwaikwayon finafinan Indiya da Amurka ne, ba su da tushe a adabin Hausa, ba sa gyara tarbiyyar kowa, kuma ko an aika da su alƙalai ba sa waiwayarsu.

Ba na shakkar niyyar Malam. So yake yaranmu su ci gasa, kuma kishin harshen ne ya sa shi magana. Amma cewa irin waɗannan labarai baƙi ne a wurinmu, tarihi bai goyi bayansa ba, kuma shawarar da aka ɗora a kan wannan fahimta za ta cutar da yaran da ake son a taimaka wa.

Ƙagaggen labarin Hausa na boko a gasa aka haife shi. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya, wadda ta koma Hukumar Talifi, ya zaga garuruwan Arewa yana neman malamai da 'yan boko su rubuta labarai daga ƙwaƙwalwarsu. Shi da kansa ya bayyana daga baya cewa babbar wahalar da ya sha ita ce shawo kan malamai su yarda cewa zama a ƙaga labari aiki ne da ya dace da mutum mai mutunci, domin a wurinsu wannan harkar tatsuniya ce, ta mata da yara. Littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri, aka fara buga su a 1934, kuma Malam ya san su fiye da ni, tun da yana koyar da su. To mu duba abin da ke cikinsu.

Ruwan Bagaja na Abubakar Imam labarin mutum ne da ya bar gida neman wani ruwa mai warkarwa, ya ratsa ƙasashe, ya yi hulɗa da aljanu, suna ta shirya wa juna makirci shi da Malam Zurƙe. Ganɗoki na Bello Kagara labarin yaƙi ne tsantsa. Jarumin ya gwabza da Turawa a zamanin Sarkin Sudan na Kontagora, Ibrahim Nagwamatse, sannan ya nausa gabas inda abokan karawarsa suka koma aljanu da dodanni. Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo ɓarayi ne da dabarun sata. Jiki Magayi na John Tafida da East ramuwar gayya ce da asiri, mutumin da aka ƙwace wa budurwa da ƙarfin dukiya ya shiga daji neman abin da zai lalata zuriyar wanda ya cuce shi. Hatta Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda shi ne mafi natsuwa a cikinsu, me ke riƙe mai karatu? An sace yaro, an ƙetara Sahara da shi, uwa ta bi sawu tana faɗawa daga wannan bauta zuwa waccan. Babu ko ɗaya a cikin biyar ɗin da aka fara shi da niyyar rubuta maƙala a kan matsalar al'umma sannan aka saka masa sunayen mutane. Imam yana ɗan shekara 22 ya shiga gasar nan. Da shawarar Malam ya bi, da ba mu da Ruwan Bagaja.

Batun aro daga waje kuwa, Imam ne ma ya fi kowa yi. Magana Jari Ce, da aka buga a ƙarshen shekarun 1930, cike yake da labaran da aka ɗebo daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Jamus da na Indiya, kuma masana sun daɗe da bin diddigin kowanne. Amma wa ya taɓa karanta shi ya ji ƙamshin wata ƙasa? Imam ya kawo labari ya zaunar da shi a fada irin tamu, da waziri da fadawa da kirari da zaurance, har ya zama ɗan gida. Laifin ba a aro yake ba. Yana wajen wanda ya aro bai sarrafa ba, kuma zan dawo kan wannan domin nan ne Malam yake da gaskiya.

Zaren bai tsinke daga 1933 ba. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa jarumtaka ce da dodanni. A 1969, shekarar da 'yan Amurka suka sauka a duniyar wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda yaro ya yi tafiya sararin samaniya, da Hausa, ga yaran Hausawa. Gasar kamfanin NNPC na Zariya ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980, labarin soyayya, tun kafin a fara zagin littattafan soyayya. Gasar Sashen Al'adu na Tarayya ta fito a 1982 da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, a kan fasa-ƙwauri da cin hanci, da kuma Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, wanda duk wanda ya karanta ya san jini da bindiga da miyagun ƙwayoyi da ke cikinsa. Littafin Gagare ya faɗi abin da yaƙin basasa ya bari a zukatan wasu sojoji fiye da yadda maƙala goma za su faɗa, kuma ya faɗa ne ta hanyar labarin da ke hana barci.

Hujjar Malam mafi ƙarfi ita ce Hikayata, gasar mata zalla da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016. Ya ce a dubi waɗanda suka ci. Gaskiya ne, Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, wanda ya buɗe fagen, a kan 'yan gudun hijira yake. Rai da Cuta na Maryam Umar, a 2020, a kan annobar korona yake. Haƙƙina na Aishatu Musa Dalil, a 2021, a kan fyaɗe da rufa-rufar iyali yake. Ban musa ba. Amma Malam ya ɗauki abin da labaran suka yi magana a kai ya mai da shi dalilin cinsu. A kowace shekara ɗaruruwan labarai ake aikawa, kuma da yawansu a kan waɗannan matsaloli ne. In jigo ne ke cin gasa, me ya kayar da sauran? Abin da ya ɗaga waɗanda suka ci shi ne marubutan sun iya jefa mai karatu cikin ɗaki guda da mutum guda, har ya manta cewa karatu yake yi. Wannan gwaninta kuwa ita ce ainihin jarin mai labarin aljanu da mai labarin bincike, domin shi in bai riƙe ka a shafin farko ba, ba shi da wata madogara.

Akwai kuma illar da Malam bai hango ba. In aka ce wa kowace yarinya ga jerin jigogin da ake ci da su, abin da zai isa teburin alƙali shi ne labari guda da aka rubuta sau ɗari. Mun san shi. Ana buɗewa da bayanin sanyin safiya da kukan tsuntsaye, sai ga yarinya a ƙuryar ɗaki hawaye na bin kuncinta, sai a koma baya a ba mu tarihin gidansu tun daga auren iyayenta, sai kishiyar uwa ko mugun miji, sai asibiti, sai nadama, sai kira ga iyaye da gwamnati. Matsalolin na gaske ne, masu ciwo ne, amma an maimaita su da siga ɗaya har sun daina taɓa zuciya. Wata ɗiyar maƙwabtanmu ta nuna mini labarin da ta rubuta a kan wata tsohuwa mai wankau da ke jin muryoyi daga rijiyar gidan da take aiki, labari mai tayar da tsikar jiki, wanda a ƙarƙashinsa zancen gadon marayu ne da aka danne. Bayan ta ji irin wannan shawara sai ta ajiye shi ta koma rubuta na auren dole, abin da ba ta taɓa gani a gidansu ba. Na biyun ba shi da aibu, amma kowa zai iya rubuta shi. Na farkon ita kaɗai ce za ta iya.

Darasi a labari kamar gishiri ne a miya. In babu shi an ji, in kuma aka gan shi a fili an ɓata girkin.

Yanzu ga inda nake tare da Malam. Akwai labaran da yaranmu ke rubutawa waɗanda in ka cire sunayen Hausa babu abin da ya rage namu. Jami'in bincike mai dogon kwat da ofis a bene na ashirin, matsafi mai sandar da aka gani a fim, sarauniyar aljanu da aka kwafo daga wasan Indiya mai dogon zango har da kayan jikinta. Wannan rauni ne, kuma alƙalin da ya ajiye irin wannan labari bai yi zalunci ba. Amma maganinsa ba a hana yaro labarin aljanu ba ne. A ce masa ya dubi ƙasar da yake takawa.

Ni a Ƙofar Na'isa ta Kano nake zaune, don haka bari in yi misali da ita. Ganuwar da ƙofar ke jikinta, Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara gina ta tun ƙarni na 12, sarakunan baya suka yi ta faɗaɗa ta. Kowace ƙofa da Sarkin Ƙofarta, kuma a da in dare ya yi rufewa ake yi, wanda ya makara ya kwana a waje. A 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka sake gina wata da siminti, masana tarihi da masu kishin kayan gado suka yi ta kuka. Badalar da ke gefenta ta zaizaye, wani wurin an ɗebe ƙasar, wani wurin an yi gini. Kududdufan da ke bin ganuwar ta titin BUK an cike da yawansu an kafa shaguna. Duk wannan a gaban idon yaran unguwar nan ya faru ko yake faruwa.

To a ce yarinya ta zauna ta ƙaga wani Sarkin Ƙofa na zamanin da, wanda ya rufe ƙofa da magariba bisa umarni, sai cikin dare ya ji muryar ɗansa a waje yana roƙon a buɗe, alhali ana raɗe-raɗin mahara sun kusato. Kalma 1,500 sun ishe ta ta sa mai sauraro ya riƙe numfashi, kuma ba sai ta ce uffan a kan amana da son zuciya ba. Ko a ce yaro ya ƙaga direban katafilar da aka sa ya ture ƙofar, da abin da ya riƙa zuwar masa a barci bayan nan. Ko mai shagon da aka gina a kan kududdufi, wanda kullum da asuba yake tarar da daɓen shagonsa a jiƙe, da sawun ƙafar yaro. Wanda ya rubuta wannan ya yi maganar ambaliya da cin filaye da yaran da ruwa ya ci, kuma za a karanta shi har ƙarshe. Mai son labarin bincike ga ƙwacen waya nan da ya hana mutanen Kano sakat. Ya bi waya guda daga hannun da aka fizge ta a cikin adaidaita sahu zuwa hannun da ta ƙare, ya ga mutum nawa za ta ratsa, da wanda ya sani da wanda ya rufe ido. Mai son gaba kuma ya kai mu Kano ta shekara sittin masu zuwa, ya nuna mana wanda ke riƙe da makullin ruwan sha da yadda 'yan garuwa suka koma.

Mai labarin yaƙi ma ba ya buƙatar aron takobi daga ko'ina. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji ne ya shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Ya ambaci yaƙe-yaƙen Kano da Katsina da Zazzau, da shigowar Kwararrafa cikin birni a ƙarni na 17. Ya ambaci Barbushe da Tsumburbura a Dala, da Dirki da sarakuna suka riƙa yi wa yanka har zamanin Alwali. Ga zuwan Turawa a 1903. Gidan Makama na nan kusa, yaro zai iya zuwa da ƙafa ya ga sulke da idonsa, ya kimanta nauyinsa, ya tambayi kansa yadda mutum ke numfashi a cikin lifidi da zafin bazara. Irin wannan sani shi ke sa labari ya kama jiki. Mai karatu ba ya yarda da aljani sai ya fara yarda da lungun da aljanin ya tsaya, da warin kwatar, da ƙarar injin markaɗe, da hasken fitilar mai shayi. In lungun gaskiya ne, zai bi ka duk inda ka kai shi.

Malam ya kawo batun tarbiyya da aƙida, cewa labarin aljanu da asiri na iya kai yara ga bokaye. Damuwa ce da ya kamata a saurara. Sai dai aljanu ba marubuta suka ƙirƙiro su ba, sura guda ce da su a Alƙur'ani, kuma babu unguwar da ba a zancensu a birnin nan. Bokaye kuma suna cin kasuwarsu ko an rubuta ko ba a rubuta ba. Jiki Magayi ya shiga harkar asiri har wuya, kuma ban san wanda ya gama shi ya ji sha'awar zuwa wurin boka ba, domin ya ga yadda ramuwar ta cinye mai ramawa da wanda bai ji ba bai gani ba. Abin dubawa shi ne inda labarin ya kai mai karatu, kuma wannan ma'auni ɗaya ne ga labarin aljanu da na gidan aure. Na ga labaran zamantakewa da suka koya wa yara raina miji ko raina mace fiye da yadda wani labarin dodo zai yi.

Ya kamata kuma mu tuna cewa mun taɓa yin wannan kuskure a garin nan. Da littattafan soyayya suka cika Kano a shekarun 1980 da 1990, na su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, an daɗe ana muhawara a jaridu a kan ko adabi ne ko shirme. Farfesa Ibrahim Malumfashi ya kira su Adabin Kasuwar Kano, Farfesa Abdalla Uba Adamu ya tsaya musu. A 2007 har ƙona littattafan aka yi a bainar jama'a. Yau a jami'o'i ake rubuta kundin digiri a kansu, kuma Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba an fassara shi zuwa Turanci an buga a Indiya a 2012. A gefen waɗannan kuma akwai masu rubuta labaran yaƙi da na ban tsoro da na bincike, irin su Abdulaziz Sani Madakin Gini da Nazir Adam Salih, waɗanda suka sa samari da yawa da ba sa taɓa littafi suka koyi zama da karatun Hausa. Waɗannan makaranta suna nan, sun koma waya, suna bin labarai a WhatsApp da Wattpad, suna sauraron masu karanta littafi a YouTube. Gasar da ta rufe wa irin labaransu ƙofa ta rufe wa kanta makaranta.

A waje ma haka abin yake tafiya. Abubakar Adam Ibrahim, ɗan Jos, da labarin da ke cike da ruhohi da matattu ya shiga jerin ƙarshe na gasar Caine a 2013. Lesley Nneka Arimah ta ci wannan gasa a 2019 da labarin wata duniya da ta ƙaga, inda sutura ke bambanta matar aure da wadda ba ta da aure. Babu wanda ya ce mata ba ta taɓo matsalar al'umma ba.

Saboda haka abin da zan ce wa ƙannenmu da 'ya'yanmu masu shirin shiga gasa ya saɓa da na Malam. Ku karanta ƙa'idojin da kyau ku bi su, yawan kalmomi da ranar rufewa da wanda aka yarda ya shiga, domin labarai masu kyau na faɗuwa a nan tun kafin a karanta su. Ku kula da ƙa'idar rubutu, da ƙ da ɗ da ɓ, da raba kalma da haɗe ta. Ku fara labari daga inda wuta ta kama, ba daga haihuwar jarumi ba. Gajeren labari ba ya ɗaukar mutum goma da shekara ashirin, dare ɗaya da mutum biyu sun isa. Ku karanta shi da ƙarfi ku ji da kunnenku, musamman in gasar irin wadda ake karanta labaranta a rediyo ce. Bayan wannan, ku aika da labarin da ya hana ku barci, ko na aljanu ne ko na kishiya.

Masu shirya gasa kuma, BBC da Cibiyar Gusau da ke Kaduna da ƙungiyar marubuta ta ANA reshen Kano da duk mai niyyar sa kuɗinsa a wannan harka, ina roƙon su rubuta ƙarara a cikin sanarwarsu cewa ana karɓar labarin bincike da na ban tsoro da na tarihi da na kimiyya, domin yara da yawa sun ɗauka haramun ne tun da ba su ga an ambata ba. Su kuma sa a cikin alƙalai aƙalla mutum guda da ya san irin waɗannan labarai, wanda zai iya bambance wanda aka kwafo daga fim da wanda aka haƙo daga gindin badala. Shi ma Malam, da ilminsa da yawan ɗalibansa, ina fatan in ya sake zama da su ya buɗe musu Ganɗoki su karanta tare, sannan ya tambaye su abin da za su rubuta a kan ƙofar unguwarsu.